Ƙyallayen da Kika Ɗaura wa Toho

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan lokaci ya same ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma ko da kina raye sai an nemo mai karanta miki. Duk da haka na zauna zan rubuta, domin akwai maganar da na daɗe ina dannewa, jiya kuma aka yi abin da ya sa ta ƙi dannuwa. Jiya aka raba filinki na kiwo, wanda yake bayan gari nan Mawashi, tsakanina da ƙanena Sama'ila da ƙanwarmu Rakiya. Kafin in gaya miki yadda rabon ya kasance, sai na fara gaya miki abin da na yi wa filin, ko da yake kin fi ni sani.

Ni ne Lawal, ɗanki na fari. Dole in faɗi sunan da bakina, tunda ke ba ki taɓa faɗinsa ba. Kunyar ɗan fari ta sa tun ina shan nono kike kawar da kai idan mutane suna kallo, ana yaye ni kuma aka miƙa ni riƙo gidan Baffa a Kankia. Hutu kaɗai yake kawo ni gida. Idan abinci ya sauka, ba ni kike gaya wa ba, Rakiya kike kallo ki ce, "Ce ma wancan tuwo shina hucewa." Idan na yi abin da ya ɓata miki rai, farar saniyarki kike kai wa ƙara, wadda kike kira Amarya har haƙoranta suka zube. Ina tsaye a gefe ina ji, ke kina shafa mata wuya kina yi mata faɗan da ni ya dace da shi. A lokacin dariya abin yake ba ni. Ban san wata rana wannan shirun zai ci mana fili guda ba.

Filin nan gadonki ne daga wajen mahaifinki, kuma kin hana a noma shi. Kin ce na dabbobi ne. Na tuna yadda yake a hutun da nake zuwa: gawo nan da can, kalgo, aduwa, magarya, sabara kuwa ba a magana. Da rani, idan filayen mutane sun zama fili fetal, shanunki suna ƙarƙashin gawo suna tsintar 'ya'yansa, tumaki suna bin kalgo. Ciyawar da ke cikin inuwa takan daɗe ba ta bushe ba. Mata sukan ce nonon gidanmu ba ya sanin rani.

Duk bazara, lokacin da maza ke sassabe suna share gonaki har sai ƙasa ta yi tas, ke kuma sai ki ɗauki 'yar addarki ki nufi kututturan da ke filin. Kowane kututture yakan fito da toho goma ko fiye. Ki durƙusa ki duba su ɗaya bayan ɗaya, ki zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa, ki sare sauran ki watsa wa awaki. Waɗanda kika bari ki rage musu rassan ƙasa, sannan ki yago ƙyalle daga tsohon zani ki ɗaura wa kowanne. Kina yi bakinki yana motsi. Sau ɗaya na matso kusa har na ji kin dafa wani baƙin kututture kina cewa, "Wanga bai mutu ba, barci shike yi."

Ban tambaye ki ma'anar ƙyallen ba. Yaya zan tambayi uwar da ba ta kallon idona? Ke ma ba ki kira ni kin zaunar da ni kin yi mini bayani ba. Sama'ila da Rakiya sun sani tun suna rarrafe, domin a gindinki suka tashi. Ni kaɗai ne baƙo a filin uwata.

Sai na tafi makarantar koyon aikin gona, na dawo da kaki da babur da kan da ya fi hulata girma. Aka ba ni aikin malamin gona a Kankia. Abin da aka koya mana shi nake koyarwa ƙauye ƙauye: gonar kirki ita ce wadda babu kututture ko ɗaya a cikinta, yadda garma za ta wuce ba ta yi tuntuɓe ba. Duk manomin da na ga toho a gonarsa rago nake ce masa, a gaban 'ya'yansa ma. Allah Ya yafe mini bakin nan nawa na wancan zamani.

Ranar da abin ya faru, na zo da abokan aikina biyu muna neman inda za a yi gonar gwaji ta masara. Ina taƙama na kai su filinki. Muna shiga iska ta kaɗa, ƙyallaye ja da shuɗi da fari suka ɗauki rawa a kan toho ko'ina. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya riƙe haɓa ya ce, "Malam Lawal, ashe a gidanku ana ba iskoki tufafi?" Suka fashe da dariya. Kin san shekarun ne da wa'azi ya yi zafi a kan masu ɗaura tsumma a gindin tsamiya suna neman biyan buƙata. Nan take na tuna bakinki da ke motsi a kan kututture, na haɗa wannan da wancan, na yanke miki hukunci. Inna, na ɗauka tsafi kike yi. Daga baya Rakiya ta gaya mini salati kike yi, kamar yadda kike yi idan kina tankaɗe.

Washegari da hantsi, kina can kina tatsa, na zagaya filin ni kaɗai. Na kwance su duka, ban bar ko ɗaya ba. Wasu ƙullin ya yi tauri sai da na sa haƙori. Na tara su a gindin aduwa na ƙyasta musu ashana, na tsaya ina kallon hayaƙin, zuciyata fari ƙal, wai na ceci uwata daga wuta.

Abin da ban sani ba shi ne, ƙyallen nan shi ne shingenki. Duk macen da ke fita neman itace, duk makiyayin da ke ratsawa da sanda, ya san tohon da ke da ƙyalle yana da mai shi, ba a taɓa shi. Wanda ba shi da ƙyalle na kowa ne. Ba ki da waya, ba ki da mai gadi, tsohon zani kaɗai ya tsare miki fili shekara da shekaru. Ba a yi mako biyu ba aka sare tohon nan kaf, har da waɗanda suka kai tsayin mutum, waɗanda kika yi damina huɗu kina reno.

Na zo ranar Juma'a na same ki a turke. Ba ki ɗago kai ba. Kika shafa wuyan saniya kika ce, "Amarya, bana sai haƙuri. Inuwa ta tahi." Iyakar abin da kika faɗa a gabana ke nan a kan maganar har kika koma ga Allah. Ni kuwa da wautata na ɗauka shirun yarda ne.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ɗauki ɓangaren gabas na filin na mai da shi gonar gwajin. Na kawo 'yan ƙwadago da diga da gatari, aka sare manyan itatuwan da ke wajen, aka tone kututturan. Waɗanda suka ƙi tonuwa muka tara musu kara muka cinna wuta, kwana biyu suna ci har cikin ƙasa. Tarakta ta shiga ta kife komai. Damina uku masara ta yi kyau, da takin zamani buhu buhu. Manya suka zo daga Katsina aka ɗauke ni hoto ina riƙe da goyon masara a kowane hannu, ina washe baki. Hoton yana nan, na juya fuskarsa bango.

A damina ta huɗu taki bai zo da wuri ba, masarar ta tsaya iya gwiwa ta yi ja. Ruwa kuma ya riƙa sauka yana wucewa da ƙasar sama, babu saiwar da za ta riƙe ta. Kafin a ankara wajen ya zama faƙo, ƙasa mai tauri da ko ƙarangiya ba ta kama ta. Aka yi mini canjin wurin aiki, na hau babur na tafi, na bar ki da abin da na shuka.

A ɓangaren yamma kututturan suna nan, kowace shekara suna fito da toho, kowace shekara ana sarewa ko awaki su cinye. Ba ki sake ɗaura ƙyalle ba. Manyan gawon da suka rage aka riƙa sassare musu rassa saboda yunwar dabbobi, har suka tsaya tsirara suka bushe ɗaya bayan ɗaya.

Na ga lokacin da kika fara fita da lauje da igiya neman ciyawa har wajen Yashe, ke da shanunki suke ci a bayan ɗaki. Na ga wuyanki ya shige saboda ɗaukar dami. Nakan aiko da buhun dusa in ji na yi abin kirki. Garken ya riƙa raguwa, yau a kai karsana kasuwa, gobe a kai maraƙi. Wata bazara Amarya ta kwanta, aka ɗaga ta da itace ta ƙi tsayuwa, aka sa mata wuƙa. Rakiya ta ce duk unguwa an ci naman, ke kuwa ranar fura kika sha, kika shiga ɗaki.

Da ciwon ajali ya kama ki, na zo na durƙusa a bakin gadonki na ce ki yafe mini, irin yadda kowa yake faɗi, a dunƙule. Kika juya wajen Rakiya kika ce, "Ce mishi babu komi." Na karɓi wannan na sa a aljihu na tafi. Ban ambaci filin ba. A can ƙasan zuciyata na fara zargin kaina tun tuni, amma duk lokacin da zargin ya ɗago kai sai in danne shi da cewa ai aikin gwamnati na yi.

Shekaru suka wuce, na yi ritaya na dawo Mawashi da furfura da ciwon gwiwa. Shekara huɗu da suka wuce aka aiko mini da takardar gayyata zuwa wani taro a Kankia, wai a matsayina na dattijon malamin gona. Aka ba ni kujera a gaba, har da ruwan roba. Wata yarinya sa'ar jikata ta tashi tana bayani. Ta ce hayaƙin da duniya ke fitarwa, iskar da suke kira kabon, ita ce take ƙara zafi tana rikita damina. Ta ce itace yana shan wannan iska ya adana ta a jikinsa da saiwarsa da ƙasar da ke gindinsa, saboda haka filin kiwon da ke da itatuwa da ciyawa rumbu ne, har akwai masu biyan manomi don ya cika shi. Na gyaɗa kai irin na manya, ina jira ta ce a sayi dashe.

Ba ta ce ba. Ta ce a fita waje. Ta kai mu gindin wani kututturen kalgo a bayan ɗakin taron, ta durƙusa da 'yar adda. Ta ce a ƙarƙashin filayenmu akwai daji guda da ransa, saiwoyi ne da ke jiran a bar su. Ta zaɓi toho uku, ta sare sauran, ta rage rassan ƙasa. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro jan ƙyalle. Ta ce wannan dabara ba daga ofis ta fito ba, wajen tsofaffin manoma aka koyo ta, har can ƙasar Maraɗi.

Inna, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Aka ɗauka jiri ne, aka kawo ruwa ana yi mini fifita. A ƙarshen taro aka ce in yi jawabin godiya, na tashi na riƙe abin magana, na kasa haɗa kalma biyu. Mutane suka ce tsufa ne.

Daga can gidan Rakiya na wuce. Kin san mijinta ya rasu, kuma ita ta riƙe abin da ya saura na shanunki. Huɗu ne, duk jikokin Amarya, da nononsu take ciyar da gidanta. Na tambaye ta ma'anar ƙyallenki. Ta kalle ni ta ce, "Yaya, sai yanzu ka tambaya?" Ita ta gaya mini komai. Ta ce bayan abin ya faru ta roƙe ki ku sake ɗaurawa, kika ce mata, "Abin da shi ya kwance da hannunai, in na maida, gari ya gane muna jayayya." Kika kuma hana ta gaya mini.

Ana cikin haka Sama'ila ya zo da tasa maganar. Tun rasuwarki ba a raba filin ba, domin babu wanda ya ga abin rabawa. Yanzu masu haƙar marmara don aikin hanya sun gani suna so, shi kuma yana da 'ya'ya a makaranta. Ban ga laifinsa ba. Amma idan aka sayar, za a bar rami ne a wajen, shanun Rakiya kuma ba su da inda za su sa ƙafa, sai kasuwa. Na roƙe shi ya ba ni damina uku. Na ce idan filin bai tashi ba, ni da kaina zan kira masu marmarar. Ya ce, "Yaya, kai ka kashe shi, kai kuma za ka tashe shi?" Maganar ta yi mini zafi, amma ban sami inda zan kama ta in ce ƙarya ce ba. Ya yarda, don yana jin nauyina.

Da bazara ta shigo, ni da Rakiya muka shiga filin. Ita ce malama, ni ne ɗalibi, kuma ba ta raga mini ba. Idan na zaɓi toho mai kauri sai ta ce in duba gindinsa, a gefe ya fito, iska za ta ɓalle shi, Inna na tsakiya take bari. Idan na rage rassa da yawa ta ce na yi masa aski irin na jariri. Malamin gona na shekara talatin da wani abu, ga shi a durƙushe ana koya masa riƙon adda. Da kina nan na san Amarya za ta sha labari.

Muka raba filin gida uku, shanu su ci ɗaya su bar biyu su huta, kashinsu kuma ya zauna a wajen. Na bi makiyayan da ke ratsawa har rugagensu na yi musu bayani. Wani dattijo a cikinsu ya katse ni, ya ce ba sai na wahalar da bakina ba, ubansa ya nuna masa ƙyallen filin nan tun yana bin maruƙa. Matan gari ma haka. Ashe dokarki tana nan a kan mutane, ƙyallen kaɗai ake jira a gani.

A damina ta biyu ne Iya Mairo ta same ni. Kin tuna ta, maƙwabciyarki mai dakan fura, yanzu da sanda take tafiya. Ina ɗaure wani tohon aduwa ta tsaya a kaina ta ce tana cikin matan da suka sari tohonki a waccan shekara, kuma abin bai bar ranta ba. Na ce ba laifinsu ba ne, ba su ga alama ba. Ta ce a'a, ba haka aka yi ba. Da suka ga babu ƙyalle ba su taɓa ko ɗaya ba, sun ɗauka ɓarna ce ta wani mugu. Suka taru su biyar suka zo har turke suka tambaye ki wanda ya yi miki wannan aiki, don a kai shi gaban mai gari. Ta ce sai kika ce musu, "Ba kowa. Ni na kwance abina, na gaji da reno. Ku tahi ku sara."

Inna, kalma ɗaya ta isa ta ceci filin nan a ranar. Da kin ce ɗanki ne ya yi wauta, da matan nan sun taya ki ɗaurawa kafin azahar. Amma da an ce sabon malamin gona ya tuhumi uwarsa da tsafi, da ban sake ɗaga kai a Kusada da Kankia ba. Kika auna mutuncina da inuwar shanunki, kika ba da inuwar. Kika tsaya a bakin turke kina kallo ana wucewa da renonki dami dami a ka, kina amsa musu sannu. Na yi kuka a gaban Iya Mairo kamar yaron da aka yaye jiya. Na yi shekaru ina ganin ba ki damu da ni kamar su Sama'ila ba, saboda ba ki kallona, ba ki kiran sunana. Ashe ni na fi kowa cin dukiyarki.

Ga labarin filin yanzu, bayan damina ta uku. Yamma ta tashi. Kalgo da sabara sun rufe ƙasa, aduwa ta wuce kaina, magarya ta yi 'ya'ya bana har yara sun fara damun mu. Gawo guda goma sha ɗaya na ƙirga, daga saiwoyin da na ɗauka sun ruɓe tun ina saurayi. Ciyayi irin su harkiya da ƙyasuwa sun dawo ba wanda ya shuka su. Shanun Rakiya sun zama shida, kuma bazarar da ta wuce ba ta ɗauki lauje ta bar gari ba. Wasu yara masu aikin kabon suna zuwa da awo suna zagaya kaurin itace, suna haƙa ƙasa suna ƙullawa a leda. Sun ce idan an tabbatar za a biya. Ko an biya ko ba a biya ba, na ga saniya ta kwanta tana tuƙa a inuwar itacen da kika taɓa dafawa.

Gabas kuwa ko tsinke. Damina uku ina zagaya ta bayan kowane ruwa, ina sunkuyawa ina duba tsagar ƙasa. Yarinyar nan ta taron Kankia ta zo da kanta ta sa aka tona wuri uku, ba a sami komai ba sai gawayi. Ta ce inda aka sare kawai, saiwa tana iya jira shekaru masu yawa, amma inda aka tone aka bi da wuta babu abin da ya saura da zai farka. Ta tambaye ni ko na san wanda ya yi wa wajen haka. Na ce na sani, ni ne. Wannan ne karo na farko da na faɗa a gaban baƙo.

Jiya bayan sallar la'asar liman ya zo da igiya da dattawa uku. Aka auna filin kashi biyar, biyu nawa, biyu na Sama'ila, ɗaya na Rakiya, kamar yadda shari'a ta tsara. Da aka ja igiya, faƙon gabas ya tashi kusan kashi biyu cif, sauran ukun duk kore. Dattawa suka ce a yanka ta yadda kowa zai ɗanɗana mai kyau da marar kyau, ko kuma a yi ƙuri'a. Liman ya ce tunda ni ne babba, kuma ni na yi wahalar tashin filin, a fara jin ta bakina. Kowa ya ɗauka yamma zan nuna. Babban ɗana yana tsaye a bayana, shi ma ya yi damina uku yana taya ni, na san inda idonsa yake.

Na ce a ba ni gabas, duka.

Ɗana ya juya ya bar wajen, har yanzu bai yi mini magana ba, kuma yana da gaskiyarsa, domin abin da zan bar musu ke nan. Rakiya ta rufe fuska da mayafi. Sama'ila kuwa ya ce wa liman a shaida, muddin akwai saniyar Inna ko ɗaya a hannun Rakiya, ba zai sayar da rabonsa ba, kuma ba za a sa shinge tsakaninsu ba. Shanunki sun sami wurin zama, Inna. Wannan shi ne albishir ɗin da na zo da shi, kuma shi kaɗai gare ni.

Masu marmara sun aiko yau da safe, sun ce dama faƙon suka fi so. Na ce su gaida gida. Na fara haƙa ƙananan ramuka da diga don su tare ruwa, ina zuba kashin shanun Rakiya a ciki, saboda ƙwayar gawo da ta bi ta cikin saniya ta fi saurin tsira. Gwiwata ba ta bar ni na yi fiye da biyar yau ba. An gaya mini ko sun tsira, kafin ƙasar ta dawo yadda kika san ta sai an yi shekarun da ba na jin ina da su. Na ji, kuma gobe zan koma.

A bakin gadonki na nemi gafara ba tare da na faɗi laifin ba, kika yafe ba tare da kin sa na faɗa ba. Yau na faɗe shi da sunansa, a gaban duk wanda zai karanta wannan takarda. Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Na ƙone aikin hannunki. Na sa kin ɗauki dami a ka da tsufanki, kin rufa mini asiri, ni kuma na bar ki kin tafi ban ce na gode ba. Ina kewarki, Inna, kewar da ban yi ba ko a makon da muka binne ki.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifiyata, Ka gafarta mata, Ka rufa mata asiri ranar tsayuwa fiye da yadda ta rufa mini. Duk dabbar da ta ƙoshi a filin nan, duk matafiyin da ya huta a cikinsa, Ka kai ladan kabarinta. Ka sanyaya zuciyar ɗana a kaina. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin gwiwa da 'yan kwanaki, in ga ko ganye biyu sun fito a wajen da na ƙone kafin in je in same ta. Amin.

Wassalam.

Ɗanki mai neman gafararki,
Lawal,
daga Mawashi.